Kabeji da Danginsa: Amsoshin Tambayoyin Masu Lambu

*Malam, kabejina yana yin yaushi da rana, da yamma ya miƙe kamar ba shi ba. Na tuge guda na ga saiwar ta kumbura ta yi ƙululu. Na bar kabeji, na sa farin kabeji da radish a wurin, amma abin bai sauya ba. Ashe ba cewa aka yi a riƙa sauya shuka ba?*

Ɗan'uwa, a idonka ka sauya shuka, amma a wurin cutar gida ɗaya ka koma. Kabeji, farin kabeji, burokoli, radish, tanif, mastad da kanola (wadda ake matse mai daga 'ya'yanta) duk 'yan dangi ɗaya ne, dangin da masana ke kira Brassicaceae, mai tsirrai sama da nau'i 3,700. Idan kana so ka gane ɗan wannan gida, jira ya yi fure: ganyen furen huɗu ne, sun gicciya juna. Kabeji da farin kabeji da burokoli kuwa sun wuce dangi, tsiro ɗaya ne mai suna Brassica oleracea. Ana samun na dajinsa har yau a kan duwatsun gaɓar teku a Ingila da Faransa. Manoman da ne suka yi ta zaɓe, wani ya bi mai dunƙule ganye, wani ya bi mai dunƙule fure, har suka rabu a kama. A jini dai ba su rabu ba, kuma ciwon da ya kama Hassan zai kama Husaini.

Abin da ka gani cutar kumburin saiwa ce. Wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa, Plasmodiophora brassicae, ita ke kawo ta. Masanin Rasha Mikhail Woronin ne ya gano ta a 1878, bayan ta yi wa manoman kabeji na kewayen birnin Santa Fitasbag mummunar ɓarna. Tana shiga ta ƙananan gashin saiwa, ta sa naman saiwar ya yi ta kumbura ba tsari, sai hanyar ruwa ta toshe. Shi ya sa tsiron ke laushi idan rana ta take, ya farfaɗo idan ta yi sanyi. Idan ƙululun ya ruɓe, sai ya zubar da miliyoyin ƙwayoyi masu barci a cikin ƙasa, waɗanda wasunsu kan kai shekara goma sha biyar ko fiye suna jira.

Babu feshin da zai warkar da tsiron da ya riga ya kamu. Ka tuge shi da saiwarsa da ƙasar da ke manne da ita, ka ƙone; kada ka jefa a ramin taki, kada ka ba dabbobi, domin ƙwayar na iya bi ta cikinsu ta fito da ranta a kashi. Wurin kuma ka hana shi duk wani ɗan dangin nan aƙalla shekara huɗu, in da hali bakwai. Ka sa albasa, masara, wake ko tumatir. Ka kula da ciyayin dangin, masu fure mai ganye huɗu, su ma suna riƙe cutar a ɓoye.

Ƙwayar na son ƙasa mai tsami da mai riƙe ruwa. Saboda haka ka kai ƙasarka a auna, idan tsaminta ya yi yawa a zuba farar ƙasa ta noma har awon pH ya kai 7.2 ko kusa da haka, kuma a zuba ta makonni da dama kafin dashe don ta gauraya. Ka ɗaga kunya ruwa ya riƙa wucewa. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne laka: fartanya, takalmi da tayar amalanke su ne motar da cutar ke hawa daga fangali zuwa fangali. Akwai iri masu jure ta, amma kada ka jingina da su kaɗai. A lardin Albata na Kanada an ga cutar a gonakin kanola a 2003, aka fito da iri mai juriya a 2009, zuwa 2013 har an samu sabon launin cutar da ya karya juriyar a gonakin da aka yi ta maimaita shukar.

*Malam, wata 'yar koriyar tsutsa ta addabe ni. Ina feshi kowane mako, na ma ninka maganin, amma kamar ruwa nake zuba mata.*

Kafin a yi maganar magani, je ka ɗaga ganyen ka duba bayansa. Idan tsutsar ba ta wuce santimita ɗaya ba, tana cin naman ganyen daga ƙasa ta bar fatar sama shara-shara kamar tagar leda, sannan da ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya ta faɗo tana lilo a jikin zare, to ka haɗu da Plutella xylostella. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, mai zanen lu'ulu'u a gadon baya idan ya naɗe fiffike. Da magariba ka girgiza kabejin za ka ga suna tashi.

Akwai dalilin da ya sa ta fi ƙarfin sauran. 'Yan wannan dangi suna da makamin kare kai. A cikin ganyensu akwai sinadarin gulukosinolet a ajiye a wuri guda, da wani sinadarin mai kunna shi a wani wurin dabam. Da haƙori ko bakin ƙwaro ya fasa ganyen sai su haɗu, su ba da wannan yaji mai hawa hanci da kake ji idan ka murje ƙwayar mastad ko ka gatsa radish. Yawancin ƙwari ba sa iya jurewa. Ita wannan tsutsa, kamar yadda masu bincike a Jamus suka nuna a 2002, tana da wani sinadari a hanjinta da ke kwance makamin kafin ya tashi. Bugu da ƙari, ƙamshin da ke korar wasu shi ne ke kiran uwar ta zo ta yi ƙwai.

Tarihinta da magani kuma ba shi da daɗi. Ita ce ƙwaron amfanin gona na farko da aka tabbatar ya daina jin maganin ƙwari na DDT, a tsibirin Jaba na Indunusiya a 1953. Ita ce kuma ta farko da ta nuna taurin kai ga Bt, maganin ƙwari da ake samu daga wata bakteriya, a fili, a Hawayi, wajen 1990. A lokacin zafi takan kammala rayuwarta daga ƙwai zuwa uwa cikin kimanin mako biyu. Idan ka fesa magani ɗaya sau takwas, ka kashe masu rauni ka bar masu tauri suna aurar juna, jikokinsu kake fesawa yanzu. Ninka magani kuwa ƙara wa wuta mai ne, ga asarar kuɗi, ga guba a jikin abin da mutane za su ci.

Sauya sunan kwalba ba shi ne sauya magani ba. Kamfanoni da yawa na sayar da sinadari ɗaya da suna dabam-dabam. A jikin takardar kwalbar akwai lambar rukuni mai nuna yadda maganin ke kisa. Ita za ka duba. Ka yi amfani da rukuni ɗaya na ɗan lokaci, sannan ka koma wani rukunin, kada ka dawo wa na farko sai an samu tazara. Bt yana da kyau har yanzu a wurare da yawa, amma sai tsutsar ta ci shi, kuma ƙanana ya fi kamawa. Hasken rana na lalata shi, don haka da yamma ake fesawa, a juya bakin famfo ya bugi bayan ganye. Ganyen kabeji yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa na gangarewa, sai an haɗa da abin da ke sa magani ya manne. Kada ka zaci bai yi aiki ba don ka ga tsutsa washegari: takan daina ci nan da nan, mutuwar ce ke ɗaukar kwana biyu ko uku.

Ni abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke kashe sojojinmu da hannunmu. Akwai wasu ƙananan zanzaro, ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, da ke saka ƙwansu a cikin jikin tsutsar, ɗan ya cinye ta daga ciki. Ɗaya daga cikinsu, Diadegma semiclausum, an sake shi a tsaunukan Kenya a farkon shekarun 2000, kuma manoman kabeji a can sun rage feshi ƙwarai. Shi ya fi son wuri mai sanyi. A wuri mai zafi wani ɗan'uwansa daga jinsin Cotesia ne ke aikin. Maganin da ke kashe kowane ƙwaro su yake fara hallakawa, tsutsar kuwa ta tsira. Idan ka ga 'yan fararen kwasfa kamar auduga manne a bayan ganye, na 'ya'yan zanzaron ne, ka yi murna, ka ɗaga wa feshi ƙafa.

Sauran dabarun ba su cin kuɗi sosai. Rufe wurin renon iri da gidan sauro don kada ka kai tsutsa gona da kanka. Ban-ruwa ta sama da yamma na kakkaɓe ƙananan tsutsa ya hana uwayen sakewa, sai dai ka karanta amsar da ke biye kafin ka rungume shi. Da ka gama yanka, ka tuge kututturen ka binne, kada ka bari ya yi toho ya zama masaukin tsutsar. Kada kuma ka dasa sabon kabeji kusa da tsoho. A Indiya an gwada shuka layi biyu na mastad bayan kowane layi 25 na kabeji don uwayen su tafi can su yi ƙwai, ana shuka layin farko kwana 15 kafin dashen kabejin. Ta yi aiki a wasu wurare, a wasu kuma ba ta yi ba. Wanda zai gwada, ya sani dole ya riƙa kashe tsutsar da ta taru a mastad ɗin, in ba haka ba ya gina mata gidan haihuwa ne.

*Malam, gefen ganyen yana yin rawaya, daga baya ya bushe, wani kan ma yana wari.*

Hajiya, duba siffar rawayar. Idan ta faro daga bakin ganye da faɗi tana tsukewa zuwa ciki kamar harafin V, kuma jijiyoyin wurin sun yi baƙi, baƙar ruɓa ce, wadda bakteriyar Xanthomonas campestris ke kawowa. Yanke karan a gicciye, za ki ga baƙin zobe a ciki. Da sassafe akwai ɗigon ruwa da ke fitowa a bakin ganyen kabeji. Ta waɗannan ƙofofi take shiga. Zafi da danshi da fantsamar ruwa su ne abokanta, shi ya sa ban-ruwa ta sama, da ke taimako a kan tsutsa, yake zama masifa a nan. Idan cutar ta bayyana, ki koma ba da ruwa ta gindi, kuma kada a shiga gonar ganye na jiƙe.

Mafi yawan lokaci da iri take zuwa. Idan ba ki da tabbacin irin, ga abin da ake yi: a ɗaure shi sako-sako a ƙyalle, a fara tsoma shi a ruwa mai ɗumin jiki minti goma, sannan a sa shi a ruwa mai zafin digiri 50 na ma'aunin Celsius daidai, minti 25 ga kabeji, minti 20 ga farin kabeji da burokoli. A riƙa motsa ruwan, ma'aunin zafi na ciki ana kallo. A fitar a sa a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Wannan aiki ba a yin sa da kintace ko da yatsa. Ƙarin digiri biyu ko uku na iya dafa irin, ragin haka kuma ya bar cutar da rai. Irin da kamfani ya riga ya shafa wa magani, da tsohon iri, ba a yi musu. Wurin da cutar ta taɓa kuwa a hutar da shi daga dangin shekara uku.

*Malam, na bar kabeji goma a gona don in samu iri, sun tsufa sun ruɓe ba su yi fure ba. Maƙwabcina kuma mastad ɗinsa ya yi 'ya'ya ba wahala.*

Ba laifinka ba ne, kabeji tsiron shekara biyu ne. A shekarar farko yana tara abinci a kansa, ba ya fure sai ya girma sannan ya sha sanyi na gaske, tsakanin digiri 4 zuwa 10, na tsawon mako shida ko fiye. Inda ba a irin wannan sanyi, zai zauna har ya ruɓe. Mastad ba ya buƙatar haka.

Yadda aka gano sirrin abin sha'awa ne. Akwai wata 'yar ciyawa a dangin, Arabidopsis thaliana, wadda manomi zai nome bai ko kalle ta ba. Masu bincike sun zaɓe ta ne don ƙanƙantarta da saurinta, takan yi 'ya'ya cikin kamar mako shida, ga kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, biyar kacal. A 2000 ta zama tsiro na farko da aka karance kundin gadonsa, mai ƙwayoyin gado wajen 27,000. A jikinta aka bayyana wata ƙwayar gado mai suna FLC a 1999, wadda aikinta taka wa fure birki. Dogon sanyi ne ke ɗaga ƙafar daga birkin sannu a hankali, kuma tsiron na riƙe wannan ko bayan zafi ya dawo. Kabeji na da irin wannan birki. Masu ƙirƙirar iri na amfani da sanin don fitar da wanda ba ya saurin fure a ƙasar sanyi, da farin kabejin da ke yin kai a ƙasar zafi.

Ko da sanyin ya samu, ga wasu tarnaƙi biyu. Yawancin kabeji ba ya karɓar ƙurar furen kansa, sai ƙudan zuma sun kawo ta wani. Idan akwai burokoli ko farin kabeji na fure a kusa, za su auru, ka samu abin da ba kabeji ba, ba burokoli ba. Masu noman iri kan ba da tazarar kilomita guda ko fiye. Na biyu, idan an rubuta F1 a jikin fakitin, haɗin aure ne na iyaye biyu da aka keɓe. 'Ya'yan farko kan fito kai ɗaya, amma jikoki sai su watse, wannan babba, wannan ƙarami, wancan ko kai ba zai naɗa ba. Ka sayi irin kabeji, ka adana na mastad.

Wani ya taɓa tambayata ko za a iya haɗa radish da kabeji a ci sama a ci ƙasa. An riga shi. Masanin Rasha Georgii Karpechenko ya yi haɗin a shekarun 1920, ya kuma samu tsiro mai haihuwa. Sai dai ganyen ya ɗauko na radish, saiwar ta ɗauko ta kabeji.

*Malam, na ji ana cewa a shuka mastad a binne shi ɗanye yana kashe cutar ƙasa. Gaskiya ne?*

Da gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Makamin nan da na ambata ne ake aro. Masu bincike a Ostareliya ne suka ba dabarar suna a farkon shekarun 1990. Idan aka daddatse ɗanyen mastad, yajin da ke fita na rage wasu cututtukan ƙasa da ƙananan tsutsotsin da ke cin saiwa. Ragewa yake, ba ya share ƙasa tas.

Nasarar na ga yadda aka yi. Mastad mai ruwan ƙasa, Brassica juncea, ya fi yaji. A shuka shi da kauri, a sare shi yana cikin fure kafin ya ɗaura 'ya'ya. A daddatse shi ƙanana sosai, don ganyen da bai fashe ba ba ya sakin komai. A juye shi cikin ƙasa nan take, domin yajin iska yake bi. Wanda ya sare da safe ya bari sai la'asar ya yi taki ne kawai. Ƙasar ta kasance da danshi, a danne ta ko a rufe da leda, a jira mako biyu kafin shuka, don yajin na ƙona ƙananan tsiro. Ɗan'uwanmu mai tambaya ta farko kuwa kada ya kuskura, mastad ɗan gida ne, ciyar da cutarsa zai yi.

*Malam, kan kabejina na tsagewa dab da yanka, farin kabejin kuma karansa rami ne a ciki.*

Tsagewa daga ruwa ne: ƙishi, sannan ruwa mai yawa lokaci guda, cikin ya kumbura fiye da yadda bayan zai ɗauka. Daidaita ban-ruwa, ka yanka da ya yi tauri. Idan kana so ya ƙara kwanaki, kama kan da hannu biyu ka ɗan murɗa shi wasu saiwoyin su tsinke.

Ramin kara, musamman idan cikinsa ya yi ruwan ƙasa, alamar ƙarancin boron ce, wani sinadarin ƙasa da tsiro ke buƙata kaɗan, kuma yawan takin naitirojin da tazara mai faɗi na ƙara shi. Farar ƙasa idan ta yi yawa tana ɗaure boron, shi ya sa na nace a auna. Boron ɗin ma kaɗan ake sawa bisa awo, tsakanin isa da guba ba nisa. Dangin nan kuma na cin farar wuta fiye da yawancin amfanin gona, da ita suke ƙera yajinsu. Idan sababbin ganye ne ke yin fari-fari alhali tsofaffin na kore, nemi taki mai ɗauke da ita.

*Malam, zan iya ba dabbobina tunkuzar mastad kamar yadda ake ba da ta kanola?*

A yi hattara, ba ɗaya ba ne, ko da yake 'yan'uwa ne na kusa. A 1935 masanin Koriya Woo Jang-choon, yana aiki a Japan, ya nuna yadda manyan amfanin gona shida na wannan jinsi suka haɗu. Uku ne tushe: dangin tanif mai kuromozom 10, baƙin mastad mai 8, da kabeji mai 9. Auren tanif da baƙin mastad ya ba da mastad mai ruwan ƙasa, mai 18. Baƙin mastad da kabeji suka ba da mastad ɗin Habasha, mai 17. Tanif da kabeji kuma suka ba da Brassica napus, mai 19, wanda daga gare shi yawancin kanola ya fito.

Tsohon nau'insa yana da yaji da wani sinadarin mai da ake kira erusik da yawa. Baldur Stefansson a Jami'ar Manitoba da Keith Downey a Saskatun, duka a Kanada, suka yi shekaru suna zaɓe da haɗa iri har aka rage duka biyun; nau'in farko mai ƙarancin su duka, Tower, ya fito a 1974. Ba a kiran iri kanola sai erusik ɗin da ke mansa ya gaza kashi 2 cikin ɗari, gulukosinolet ɗin tunkuzarsa ma yana ƙasa da ƙayyadadden awo. Mastad na gargajiya ba a yi masa wannan tankaɗe ba. Tunkuzarsa na da ɗaci, tana rage wa dabba ci, idan ta yi yawa kuma tana kawo maƙoƙo ta hana girma. Kaji da ƙananan dabbobi sun fi jin jiki. Manyan shanu da tumaki sun fi jurewa. In za ka ba su, fara da ɗan kaɗan a gauraye da abincin da suka saba, a bushe, don jiƙa ta da ruwa shi ke tayar da yajin. Ka sa ido kwana bakwai, in ka ga suna barin abinci a kwano ko suna zawo, ka janye.